Babi na 7: Daktan da Ya Ɓata a Landan, Aka Tsinto Shi a Jos

A Ingila ta tsakiyar shekarun 1960 akwai gidajen da duk yammacin Asabar sai an yi tsit na minti ashirin da biyar, saboda wani yaro ya kafa rikodarsa a gaban akwatin talabijin, ya roƙi uwa da uba da ƙanne kada wanda ya yi ko da tari. Abin da yake ɗauka sautin wani shiri ne na BBC mai suna Doctor Who. Hoton dai ba shi da yadda zai yi da shi, don a lokacin na'urar ɗaukar hoton talabijin ba ta shiga gidajen mutane ba. Ɗaya daga cikin waɗannan yara, Graham Strong, ya gaji da hayaniyar da makirufo ke kwasowa, sai ya buɗe bayan talabijin ɗin gidansu ya jona waya kai tsaye zuwa rikodar. Wasa yake yi irin na yaro mai son harhaɗa wayoyi. Shekaru kusan talatin bayan haka, BBC da kanta ta koma tana amfani da kasa-kasansa, domin sautin da ya ɗauka na wasu kashi-kashin ya fi duk wanda ya rage a hannun kowa tsabta.

Kafin a kai ga dalilin haka, sai an san shirin. An fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan an harbe Shugaba Kennedy a Amurka, don haka hankalin jama'a na wani wuri, har sai da aka maimaita kashin farko a mako na gaba. Waɗanda suka haife shi ma ba irin mutanen da aka saba gani a manyan kujerun BBC ba ne: Sydney Newman, shugaban sashen wasan kwaikwayo, ɗan Kanada ne, furodusar, Verity Lambert, mace ce da ba ta kai shekara talatin ba, daraktan labarin farko kuma, Waris Hussein, haifaffen Lucknow ne ta Indiya. Labarin wani dattijo ne mai saurin fushi da ake kira Dakta kawai, wanda ke yawo cikin zamani da sararin samaniya a wani jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje ka gan shi kamar ɗan akwatin wayar 'yan sandan Landan, in ka shiga kuwa sai ka tarar da fili. Wata guda da farawa aka shigo da Dalek, wasu halittu masu mugun nufi da ke cikin sulken ƙarfe suna magana da murya mai karkarwa. Yaran Birtaniya suka haukace a kansu, shirin ya samu gindin zama.

A 1966 lafiyar William Hartnell, wanda ya fara fitowa a matsayin Dakta, ta gaza. Maimakon a rufe shirin, sai marubuta suka ce ai Dakta ba ɗan'adam ba ne, idan jikinsa ya ƙare yana iya sabunta kansa ya tashi da wata fuskar da wani halin. Patrick Troughton ya karɓa. Wannan dabara ce ta sa shirin ya yi zango 26 a jere har zuwa Disambar 1989, ita ce kuma ta raba masoyansa zuwa tsara-tsara. Har yau in masoya biyu suka haɗu, tambayar farko ita ce, wane ne Daktanka? Amsar takan tona shekarun mutum. Wanda ya ce Jon Pertwee, to ya yi ƙuruciya a farkon shekarun 1970, lokacin da shirin ya koma mai kala. Wanda ya ce Tom Baker, mai dogon mayafin wuyan nan da ke jan ƙasa, yana cikin masu rinjaye, don Baker ya riƙe matsayin daga 1974 zuwa 1981, ya fi kowa daɗewa. Kusan kowa Daktan da ya gani yana ɗan shekara takwas shi ne na gaskiya a wurinsa, sauran duk masu riƙon ƙwarya ne.

Abin da ya bambanta begen masoyan Doctor Who da na masoyan sauran shirye-shirye shi ne, su abin da suke kewa a zahiri ya ɓace. A shekarun 1960 BBC ta ɗauki shirin talabijin tamkar wasan dandali: a yi, a kalla, a watse. Faifan bidiyo mai faɗin inci biyu da ake ɗaukar shiri a kai yana da tsada ƙwarai, ana kuma iya goge shi a sake amfani da shi. Ƙungiyar 'yan wasa ta Equity ta ƙayyade sau nawa da kuma cikin wane wa'adi za a iya maimaita shiri, don kada tsofaffin ayyuka su hana 'ya'yanta samun sababbi. Ga kuma talabijin mai kala ta shigo a ƙarshen shekarun, wanda ya sa aka ga baƙi-da-fari ya zama tsohon yayi. Sai aka bi faya-fayan ana gogewa. Kwafe-kwafen fim da sashen kasuwancin BBC ya yi don sayarwa ƙasashen waje su ma aka shiga lalata su daga 1972, ba a tsaya ba sai 1978, lokacin da aka kafa taskar adana shirye-shirye ta sosai, aka ɗora Sue Malden kan aikin tantancewa, wani masoyin shirin kuma mai suna Ian Levine ya tada jijiyar wuya har aka dakatar da ɓarnar. Daga kashi 253 na zango shida na farko, fiye da ɗari sun yi layar zana. Labarin Marco Polo na 1964, kashi bakwai cur, babu ko ɗaya. Kashin da Hartnell ya rikiɗe ya zama Troughton ma ya tafi. 'Yan daƙiƙoƙin rikiɗar sun tsira ne kawai saboda shirin yara na Blue Peter ya taɓa aron su ya nuna.

Babu wanda ya yi wannan da mugunta. Kowane sashe ya ɗauka wani sashen yana riƙe da kwafi.

To, yaron da ya ga labari sau ɗaya tak a 1967, yana leƙe ta bayan kujera don tsoro, me ya rage masa? Ƙwaƙwalwarsa, sai kuma abin da ya iya tattarawa. Duk wanda ya tashi yana jiran ranar da za a nuna Samanja a talabijin ɗin Kaduna, a zamanin da in shiri ya wuce ka to ya wuce ka ke nan, ya san yadda labarin da aka gani sau ɗaya ke ƙara kyau duk lokacin da aka maimaita shi da baki. Masoyan Doctor Who sun mayar da wannan sana'a. Daga 1973 kamfanin Target ya shiga mayar da labaran zuwa ƙananan littattafai, Terrance Dicks shi kaɗai ya rubuta fiye da sittin, kuma a shafin littafi babu dodon roba mai zif a baya, babu bangon katako mai rawa in an jingina. A 1976 aka kafa ƙungiyar masoya ta Doctor Who Appreciation Society, a 1979 mujallar shirin ta fara fita. Manyan masoya da suka ga shirye-shiryen farko da idonsu suka zama malaman ƙanana, abin da suka ce ya yi kyau shi ne mai kyau, ba wanda ke da faifan da zai ƙaryata su. John Nathan-Turner, wanda ya yi furodusa daga 1980 zuwa 1989, ya sha fama da masu ce masa shirin da ya fi na yanzu, amsarsa kullum ita ce ƙwaƙwalwa na yaudarar mai ita. Sun tsane shi a kan wannan magana. Yana da gaskiya, amma ba duka ba.

Tarkacen da aka tattara abin mamaki ne. Sautin kowane kashi da ya ɓace yana nan, albarkacin yaran nan masu rikoda, kuma injiniyan sauti Mark Ayres ya shafe shekaru yana tsaftace shi. Wani mai hoto, John Cura, sana'arsa ita ce ya zauna a gaban talabijin yana ɗaukar hotunan allo yana sayar wa daraktoci da 'yan wasa. Hotunansa su ne kaɗai shaidar yadda wasu labaran suka kasance, kuma masoya sun haɗa su da sautin suka sake gina kashi-kashin a kaset suna bai wa juna. Mafi ban dariya shi ne na Ostireliya. Hukumar tace finafinai ta can takan datse wuraren da ta ga sun yi wa yara tsanani, ta adana guntayen a matsayin shaidar aikinta. A 1996 aka gano su a taskar gwamnati. Ga wasu labaran, abin da ya rage a duniya shi ne daidai wuraren da aka ce kada a gani: shaƙewa, suka, ihu.

Farautar cikakkun kashi-kashi kuwa ta kai mutane wurare masu wuyar zato. A 1983 an tsinci biyu a ɗakin ƙasa na wata majami'a a Landan. A 2011 wasu biyu suka fito daga hannun wani tsohon injiniyan talabijin da ya saye su a baje-kolin wata makaranta, bai ma san ana neman su ba. Amma wanda ya fi girgiza masoya kafin na Jos shi ne The Tomb of the Cybermen, labarin 1967 da aka daɗe ana yi wa kirarin gwanin gwanaye. Ya dawo daga Hong Kong, aka fitar da shi a kaset a 1992, aka yi rububinsa. Da aka zauna aka kalla, jikin wasu ya yi sanyi. Labarin yana da wuraren da har yanzu ke tada tsikar jiki, sai dai ga igiyar da ake ɗaga mutum da ita a fili, ga kuma Toberman, baƙar fata ɗaya tilo a labarin, an mayar da shi ƙaton bawa da ba ya cika buɗe baki. Littafi da ƙwaƙwalwa duk sun share waɗannan. A nan Nathan-Turner ya ci gari.

Dalilin da ya sa ake samun irin waɗannan faya-fayai a nesa shi ne yadda BBC ke cinikinta a wancan zamanin. Ba kowace tasha ake buga wa sabon kwafi ba. Ana aika gwangwanayen fim zuwa wata ƙasa, in ta gama nunawa sai a umarce ta ta tura wa ta gaba, haka kwafi ɗaya zai zaga ƙasashe da dama na tsohuwar daular Birtaniya. Tasha ta ƙarshe ita ce za ta mayar da su Landan ko ta ƙone su. Ba kowa ya bi umarnin ba. A lokacin Nijeriya na cikin manyan masu sayen shirin, kuma ba abin mamaki ba ne, don ta riga yawancin Afirka samun talabijin: Ibadan ta buɗe tata a 1959, Kaduna a 1962, Jos kuma a tsakiyar shekarun 1970 ta zama ta farko a ƙasar da ta fara watsa shiri mai kala. Tashoshi sababbi, awannin da za a cike da yawa, kuɗin shirya na gida kaɗan, dole a sayo na waje. Tun a tsakiyar shekarun 1980 an taɓa mayar wa BBC wasu labaran Hartnell daga Nijeriya, ciki har da The Time Meddler da The War Machines.

Wani Bature mai suna Philip Morris ya ɗauki wannan a matsayin alama. Ya kafa kamfani na taimaka wa gidajen talabijin adana tsofaffin faya-fayansu, ya bi takardun jigilar BBC yana duba inda kowane kwafi ya yada zango na ƙarshe, ya kuma taka da ƙafarsa zuwa ɗakunan ajiya maimakon ya aika wasiƙa a amsa masa da babu. A wani ɗaki na tashar talabijin a Jos ya ga gwangwanaye a kan kanta, an manna musu takarda ɗauke da sunan shirin. Cikinsu akwai kashi tara da duniya ta fid da rai da su: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear, duka na Troughton, waɗanda aka nuna a Birtaniya tsakanin Disambar 1967 da Maris 1968. Fim abu ne mai gudun zafi da laima, yakan narke ko ya ruɓe, amma waɗannan sun fito da lafiyarsu bayan gomman shekaru. Wanda ya san sanyin Jos, garin da ke kan tudu mai tsayin mita fiye da dubu, zai ce garin ma yana da nasa ladan. BBC ta sanar a Oktoban 2013, saura 'yan makonni shirin ya cika shekara hamsin, aka kuma saki kashi-kashin a iTunes nan take. Shirin baƙi-da-fari mai shekara arba'in da biyar ya haye saman jadawalin ciniki. Adadin waɗanda suka ɓace ya sauko daga 106 zuwa 97 a rana ɗaya.

Murnar ta zo da ɗan ɗaci. The Web of Fear labarin wasu dodanni ne masu gashi, Yeti, da suka mamaye hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, kuma a kashinsa na uku ne Dakta ya fara haɗuwa da Kanar Lethbridge-Stewart, sojan da Nicholas Courtney ya riƙa fitowa a matsayinsa shekara da shekaru har ya zama kamar ɗan gida. Wannan kashi na uku shi ne bai iso Landan ba. Morris ya ce daga baya yana cikin gwangwanayen a ranar da ya gan su, amma kafin a kammala maganar ɗaukarsu ya yi ɓatan dabo.

The Enemy of the World kuwa shi ya rama wa ƙwaƙwalwa ta wata fuskar. Kashi na uku kaɗai aka sani a da, kuma shi ne mafi sanyi a labarin: an tsare fursuna a wani lungu na cikin gini, ga wani kuku mai ƙorafi a madafa, babu dodo ko ɗaya. A kan wannan masoya suka yanke masa hukuncin labari mai gundura, hukuncin ya zauna shekaru da dama, ana gadonsa daga mujalla zuwa mujalla. Da kayan Jos suka iso sai ga farkon labari da jirgi mai saukar ungulu da harbe-harbe a bakin teku, ga Troughton yana wasa biyu, Dakta da kuma wani ɗan kama-karya mai suna Salamander da ya yi kama da shi, har da wurin da Dakta ke kwaikwayon Salamander, wato mutum ɗaya yana wasan wani da ke wasan wani. Cikin mako guda labarin ya tashi daga sahun baya ya koma cikin waɗanda ake alfahari da su. Ashe abin da masoya suka daɗe suna kira tunawa, rabinsa ji-ta-ji-ta ce da suka gada daga manya.

Wannan bege bai tsaya ga tono tsofaffin gwangwanaye ba, shi ne ya dawo da shirin da ransa. Bayan an dakatar da shi a 1989, in ban da fim ɗaya na 1996 da Paul McGann ya fito, shekara goma sha shida babu sabon zango. Masoya suka ce in BBC ba za ta yi ba, su za su yi. Kamfanin Virgin ya fara buga sababbin labarai a littafi daga 1991, yana karɓar rubutun waɗanda ba su taɓa wallafa komai ba. Kamfanin Big Finish ya fara wasannin sauti na shirin a 1999, yana ɗauko tsofaffin 'yan wasan da kansu. Cikin marubutan littattafan akwai Paul Cornell da Mark Gatiss da wani Russell T Davies. Lokacin da BBC ta yarda a farfaɗo da shirin, Davies ɗin nan, wanda a lokacin ya yi suna a harkar wasan talabijin, shi aka damƙa wa, ya kuma jawo abokansa. Ranar 26 ga Maris, 2005, fiye da mutum miliyan goma suka kalli kashin farko, wanda aka shirya a Cardiff.

Davies ya yi wayo. Ya san in ya cika shirin da tsofaffin sunaye don faranta wa 'yan'uwansa masoya rai, yaran yau za su kashe talabijin, don haka a zangon farko ya riƙa sakin tarihi da ɗigo-ɗigo. Sai da sababbin masu kallo suka kamu sannan ya dawo da Elisabeth Sladen a 2006, wadda ta yi abokiyar tafiyar Pertwee da Baker, a wani kashi da jigonsa shi ne ciwon wanda aka tafi aka bari. Iyaye suka yi ta share hawaye, 'ya'yansu suna mamakin ko wace ce wannan mata. Daga nan ragamar ta ci gaba da zagawa a hannun tsofaffin yaran nan. David Tennant ya sha faɗa cewa shirin ne ya sa shi sha'awar wasan kwaikwayo tun yana ƙarami. Ya zama Dakta, ya kuma auri 'yar Peter Davison, Daktan farkon shekarun 1980. Peter Capaldi yana ɗan shekara goma sha biyar mujallar Radio Times ta buga wasiƙarsa ta yabon shirin; a 2013 aka sanar shi ne Dakta na gaba, aka kuma tono wasiƙar aka karanta masa a bainar jama'a. Kashin bikin shekara hamsin an nuna shi lokaci guda a ƙasashe 94, kuma a ƙarshensa Tom Baker ya leƙo, tsoho tukuf, da sanda a hannu.

Sai dai masoyin da ya hau kujera ba ya tsira daga bakin masoyan da ke ƙasa, don kowannensu yana auna sabon shiri ne da wanda ke cikin kansa, wanda babu kasafin kuɗin da zai iya kamo shi. An yi ƙorafi da aka ba Jodie Whittaker matsayin a 2017, mace ta farko da ta zama Dakta. An sake yi da aka ba Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan. Masu ƙorafin suna cewa an lalata musu shirin ƙuruciyarsu, kalmomin da wasu suka yi amfani da irinsu a 1966 da aka canza Hartnell, wasu kuma a shekarun Nathan-Turner.

A 1986 BBC ta gayyaci wasu matasa 'yan ƙungiyar masoya daga yankin Liverpool zuwa shirin Open Air don su faɗi ra'ayinsu a gaban biyu daga cikin marubutan zangon wannan shekarar, Pip da Jane Baker. Cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara goma sha shida, sanye da tabarau da kwat, wanda bai rage wa marubutan komai ba: ya ce labarin tsohon yayi ne, guje-guje ne kawai a lungunan gini da dodanni marasa kan gado. Sunansa Chris Chibnall. Shi ne ya zama babban marubuci kuma shugaban shirin daga 2018 zuwa 2022, kuma a tsawon waɗannan shekaru, duk kashin da bai gamsar da masoya ba, sai wani ya ɗauko hoton bidiyon nan na 1986 ya sake watsa shi a intanet.